Ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Tarihin adon manyan motoci a kudancin Nijar

Akwai wata tsohuwar gardama da ba ta ƙarewa a tashoshin Maraɗi da Damagaram da Ƙwanni, wadda ake yi bisa tabarma ana jiran lodi. Mutum ne ya yi shekaru yana karen mota, ya zama direba, ya tara, ya ranta, har Allah ya ba shi babbar mota tasa ta kansa: shi ne mai ita, shi ne kuma mai tuƙa ta. Bayan tafiya biyu ko uku sai ga ɗan kuɗi ya rage a hannunsa. Wasu su ce ya kai ta wurin mai fenti a zana mata zaki da ɗawisu, a rubuta mata suna a goshi. Wasu su ce wannan almubazzaranci ne, ya sayi taya ya ajiye, domin fenti ba ya hawa tudu. Kowane ɓangare yana magana kamar amsar guda ce tun ranar da aka ƙera mota. Abin da tarihi ya nuna dabam ne. An yi zamanin da kwalliyar mota take biyan kuɗin sabulu a ƙasar nan, an kuma yi zamanin da ta daina biya, kuma abin da ya canja tsakanin zamanan biyu shi ne hanyar da mai mota yake samun kayan da zai ɗauka.

Kafin zuwan mota, dukiyar da take tafiya bisa hanya ita ce doki da raƙumi da jaki da takarkari, kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar kayan doki a kan wasa ba. Duk wanda ya ga hawan salla a ƙofar fadar Damagaram ya san jalala da ɗan kai da linzami mai azurfa magana suke yi, suna faɗin ko wane ne mahayin tun bai buɗe baki ba. Haka abin yake a fatauci. Ayarin da yake zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu da jagaba da uban dawaki, kuma madugun da zai sauka zango ya daidaita da sarkin gari bisa kuɗin wucewa ba ya zuwa cikin tsumma, domin da ganin shigarsa ake auna ƙarfin ayarinsa, a kuma san ko ya isa a ba shi bashi. Amma a lura da abu ɗaya: dokin madugu ake yi wa ado. Jakin da yake ɗauke da goron ba shi da komai sai akumari da igiya. Da babbar mota ta zo, sai ta haɗa su biyun a jiki guda, ita ce jakin, ita ce kuma dokin. Wanda ya dube ta da idon mai jaki zai ga ado ɓarna ne, wanda ya dube ta da idon mai doki zai ga rashin ado ƙasƙanci ne. A ganina nan ne tushen gardamar.

A ƙarshen shekara ta 1924 ne motocin Citroën masu sarƙa a ƙafafun baya, na ayarin da Faransawa suka kira Croisière noire, suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram suka nufi tafkin Cadi. Waɗannan abin kallo ne kawai, suka wuce suka bar ƙura. Abin da ya kawo motar aiki ya zaunar da ita shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, reshensa ya kai Ƙaurar Namoda cikin 1929, wani kuma ya kai Nguru cikin 1930, sai gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai ta samu ƙofar fita zuwa teku. Da farko raƙuma da jakuna suke kai ta, daga baya motoci suka karɓe, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, bisa hanyoyin da talakawa suka share da aikin tilas har lokacin da aka soke shi cikin 1946. Kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA suna ba ƴan kasuwar gari kuɗi su sayo musu gyaɗa a ƙauyuka, kuma daga cikin waɗannan masu saye ne aka samu da yawa daga cikin attajiran da Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a littafinsa na 1986 bisa Alhazan Maraɗi. Mai sayen gyaɗa in ya yi ƙarfi, mota tana cikin abubuwan farko da yake nema, don kada ribarsa ta ƙare a kuɗin haya.

To, ya kamata mai karatu ya san yadda motar wannan zamani take zuwa, domin a nan ne maganar ado take samun gindin zama. Ba cikakkiya ake kawo ta ba. Inji ne da shasi da ƙafafu da gaban mota, sauran kuwa aikin kafintoci ne da maƙera na gida. Su suke gina bodi da katakon da ake kawowa daga kurmi, su ɗaure shi da ƙarafa da ƙusoshi, su yi masa ƙofar baya da tsani, da wani allo bisa kan direba. Katako kuwa, in aka bar shi tsirara ya sha ranar bazara da ruwan damina da busasshiyar iskar hunturu, shekara kaɗan zai tsattsage, ƙarafan kuma su yi tsatsa. Saboda haka fenti dole ne, ba zaɓi ba ne. Tambayar da take gaban mai mota ita ce kawai: tun da za a shafa, launi ɗaya za a shafa, ko za a ƙara wa mai fenti ɗan abu ya yi zane? Abin da za a ƙara ɗin kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin shasi da na bodi, kuma wannan shi ne dalili na farko da ya sa adon ya yaɗu. Mutanen da suka saba ganin zanen magina a fuskar zaurukan Birni a Damagaram ba za su ga allon katako mai faɗin bango yana yawo fayau su ƙyale shi ba.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne amana. A kasuwar ƙauye ta shekarun 1950 da 1960, mai buhunan gero ko wake da yake son a kai masa su birni ba ya sa hannu a takarda da kowa. Yawanci bai iya karanta lambar mota ba, in ma ya iya, lamba ba ta shiga kai. Abin da yake riƙewa shi ne “motar nan mai zaki”, ko “mai jirgin sama a ƙofar baya”, ko wadda aka rubuta wa “Haƙuri maganin duniya”. Da wannan sunan yake aika ɗansa ya tare ta, da shi yake ba da saƙo, da shi kuma yake kai ƙara wurin sarkin tasha in buhu ya ɓace. Ke nan mai motar da ya zana mata alama ya ɗaure kansa da kansa: ba shi da halin ya ci amanar mutum a kasuwar Lahadi ya ɓuya a kasuwar Laraba, domin zakin da ke bayansa yana tona shi daga nesa. Mutane sun gane wannan ba tare da an yi musu bayani ba. An ce ido ba mudu ba ya san kima. Wanda ya ga mota fes, fentinta sabo, igiyoyinta a naɗe, tamfol a ninke, yakan ɗauka cewa mai kula da waje yana kula da ciki, kuma sau da yawa zaton nasa daidai ne, tun da mutum ɗaya ne yake biyan mai fenti da makaniki, shi ne kuma zai kwana a daji in ta lalace. Ɗan kamasho ma ya fi jin daɗin kiran fasinja zuwa motar da take da suna. A irin wannan kasuwa, inda mai kaya yake zaɓen mota da idonsa, ado jari ne, kuma yana dawowa da riba.

Akwai kuma tsoro, wanda masu lissafin kuɗi suke mantawa da shi. Hanya tana ci. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi, ta nuna a wani rubutunta na 2002 yadda mutanen wurin suke ɗaukar babbar hanya ta ɗaya a matsayin wurin arziki da halaka gaba ɗaya, mai cike da labaran iskoki masu tare matafiya. Direban da yake bin wannan hanya da dare, in ya sa aka rubuta “Allah ya kiyaye” ko “Masha Allah” a goshin motarsa, ya rataya laya kusa da madubi, ba talla yake yi ba. Wani rubutun kuma amsa ce ga magauta, kamar “Hassada ga mai rabo taki”, domin yaron da ya tashi daga wankin mota ya zama mai mota ya san idanun da suke bisa kansa. Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa sukutum, Mamman Shata kuma ya wasa direbobi kamar yadda ake wasa masu sarauta. Sana'ar da ta samu mawaƙa irin waɗannan ba za ta rasa masu zane ba.

A nan zan ɗan ratse domin abokan aiki malaman makaranta. A shekarun da ake rataya wa yaro alamar horo a wuya in ya kuskura ya yi Hausa cikin aji, babban allon da Hausa take fitowa a rubuce a bainar jama'a shi ne jikin mota. Sai cikin 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, alhali masu fenti sun riga sun daɗe suna rubuta ta da boko da ajami, kusa da Larabci da Faransanci da Ingilishin Najeriya, ba ruwansu da ƙa'idar ƙugiya ko raba kalmomi. Yara da yawa sun fara haɗa baƙi da wasali ne suna bin bayan mota da gudu. Wanda yake son ya san yadda talaka yake rubuta harshensa kafin hukuma ta tsara masa, can ya kamata ya duba.

Bayan samun mulkin kai sai gwamnati ta shigo harkar da ƙarfinta. Tun cikin 1953 Faransawa suka ƙirƙiro tsarin da suka kira Opération Hirondelle don a karkata kayan Nijar daga Kano zuwa jirgin ƙasan Dahomai, wanda ya tsaya Faraku, aka kuma gina gadar Gaya cikin 1958. Tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba daga Maraɗi zuwa Kano ta koma kusan 1000 zuwa Faraku, irin tafiyar da ta fi dacewa da kamfani mai motoci da yawa da gareji nasa. Cikin 1962 aka kafa SONARA ta riƙe cinikin gyaɗa, cikin 1963 kuma aka kafa SNTN ta sufuri. Motar kamfani ba ta buƙatar zaki: sunan kamfanin da lamba sun isa, domin a ofis ake ba ta kaya, direbanta kuma albashi yake jira. Tun daga nan aka fara ganin bambancin da wannan rubutu yake magana a kansa, motoci iri biyu bisa hanya ɗaya, mai neman kaya da fuskarta da mai samun kaya da takarda.

Duk da haka zamanin da adon ya fi bunƙasa yana gaba. Farin da ya kai ƙarshen tsananinsa cikin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, amma bai karya masu motoci ba: akwai hatsin agaji da za a rarraba, akwai kuɗin uraniyom na Arlit da hanyarsa ta kwalta mai fiye da kilomita 600 daga Tawa, akwai kuma Najeriya da arzikin man fetur, wadda ƴan kasuwar Maraɗi suka ƙara ƙulla ciniki da ita tun yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970. Wake da dabbobi suna gangarawa kudu, siminti da mai da kayan masana'anta suna haurowa. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 Najeriya ta kafa wuraren harhaɗa manyan motoci, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Badun. Marsandi mai gajeren hanci, wadda aka fi sani da lambar 911, ta zama sarauniyar hanya, da bodinta na katako mai tsawo, kuma ƙofarta ta baya ta zama allon masu zane: mikiya da maciji a baki, zaki yana danne barewa, masallaci da dabino, jaruman finafinan Indiya da na Sin da ake kallo a silima, da jirgin sama ga wanda ya sauke farali. Wasu kuma suka wuce gona da iri. An yi motocin da fitilunsu na ado suka fi ƙarfin batirinsu, an yi waɗanda ake sabunta musu fenti kowace salla alhali burkinsu sai an taka sau uku. Irin wannan shi ake kira kyan ɗan maciji, kuma masu sukar ado ba su yi ƙarya ba da suka nuna shi da yatsa. Da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos cikin 1978, ya yi ƙarfi a Maraɗi, sai sukar ta samu harshen addini: zanen mai rai, da laya, da kashe kuɗi don a gani, duk suka shiga cikin abin da ake tuhuma. Wannan ya sa wasu suka bar zaki suka koma ga furanni da rubutun Larabci, amma bai hana ado ba.

Abin da ya hana shi ya zo ta wata hanya. Ran 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, sai sabuwar mota da kayan gyaranta suka fi ƙarfin ƙaramin mai mota. Abin da ya rage masa shi ne tsohuwar tirela da ta gama aikinta a Turai, wadda take sauka Kwatano ko Lome da bodinta na ƙarfe da fentinta, wani lokaci har da sunan kamfanin Holan ko Jamus da ya yar da ita. Ba kafinta, ba allon katako, ba dalilin dole na shafa fenti. Sa'an nan ga tsarin rabon kaya a tashar jiragen ruwa. Yarjejeniyar Nijar da Benin ta ba motocin Nijar kashi biyu bisa uku na kayan da za su wuce zuwa Nijar, ƙungiyoyin masu motoci kuma suna raba wannan kaso da layi: wanda ya riga zuwa shi ake fara ba. Niyyar mai kyau ce, don kada babba ya cinye ƙarami. Amma a duba abin da ta haifar. In layi ne yake ba ka kaya, mai kayan bai zaɓe ka ba, bai ma gan ka ba. Motar da take sheƙi da wadda take zubar da baƙin mai kuɗinsu ɗaya, kwanakin jiransu ɗaya. Wani littafin Bankin Duniya na 2009, na Supee Teravaninthorn da Gaël Raballand, ya nuna cewa irin wannan rabo da layi yana cikin dalilan da suka sa motocin Afirka ta Yamma suka tsufa kuma sufurin ya yi tsada, domin ba abin da yake tura mai mota ya inganta ta. Su maganar inji da shekarun mota suke yi, amma hujjar ta hau kan fenti daidai wa daida. Mai motar da yake yin tafiya kaɗan a shekara hanya ɗaya ta rage masa ta cin riba, ita ce ya labta kaya fiye da kima, sai kuɗin da dā yake zuwa wurin mai zane ya koma wurin mai walda, a ƙara wa shasi ƙarfe, a ƙara ganyen sifirin. Dokar nauyin kaya ta ƙasashen UEMOA mai lamba 14 ta shekara ta 2005 don wannan ɗabi'a aka yi ta.

Shi ya sa nake ganin masu cewa direbobin yanzu ba su da sha'awa irin ta iyayensu ba su yi musu adalci ba. A dubi inda mai kaya har yanzu yake zaɓe da idonsa, wato motocin kasuwannin ƙauye, da masu ɗaukar albasar Galmi, da masu kai dabbobi kudu: nan ne ake ci gaba da ganin suna a goshi da zane a baya, ko da kuwa takarda mai manne ta fara maye gurbin buroshi. Haka abin yake a wasu ƙasashe. A Pakistan, inda masu motoci suke kashe dukiya mai yawa a ado, sana'ar ta samu daraja har aka kai mota guda aka zana ta a bikin al'adu na Smithsonian a Washinton cikin 2002, kuma tun 2015 wata motar haya mai zane ta Dakar tana tsaye cikin Musée de l'Homme a Paris. Namu allunan kuwa, in bodi ya tsufa, ƙofar baya takan zama ƙyauren shago ko rumfar mai shayi, daga nan sai murhu. Ƙungiyar al'adun da take da na'urar ɗaukar hoto da yini biyu na hutu za ta samu aiki a bayan garejin kowane gari, wurin tsofaffin masu fenti da suka koma rubuta allunan shaguna.

In mai mota ya tambaye ni yau, zan fara tambayarsa wa yake ba shi kaya. In mutane ne da suka san fuskarsa, ya gyara burki da taya, sa'an nan ya kai ta a zana, ba asara ya yi ba. In layi ne ko kwangilar ofis, fentin da zai hana tsatsa ya ishe shi, abin da ya ɗora bisa wannan don ransa ya yi, kuma mutumin da yake kwana cikin mota fiye da yadda yake kwana a ɗakinsa yana da haƙƙin ya yi wa ransa wani abu, muddin ba da kuɗin taya ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe gadar Gaya, kayan Nijar suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, motoci ɗaruruwa a jere cikin rakiyar soja, ta Kaya da Dori zuwa Tera, bayan makonni ana jira. A cikin irin wannan jerin ba mai kayan da yake zaɓen mota don zakinta. Amma ko a can, in aka bi layin ana dubawa, ana tarar da waɗanda suka sa aka rubuta musu “Allah ya kiyaye” a saman gilashi, da ƙananan baƙaƙe, a ƙarƙashin sunan kamfanin Turai da ba a goge ba.